Gidan gonar da nake sayen kawunan kurokus: abin da na gani cikin shekara huɗu

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da kwalaben tawada biyu a gefen buzunsa a Zariya: baƙa ta yau da kullum, da wata mai ruwan ɗorawa da ja-ja wadda yake kira za'afaran, ba ya buɗe ta sai rubutun mai muhimmanci ne. Har na girma ban san inda za'afaran yake fitowa ba. Sai da aiki ya kawo ni Lesta a Ingila, na kama gida mai ɗan fili a baya, sannan na ji cewa zare ne da ake tsinkowa daga cikin wani fure mai suna kurokus, kuma yana fitowa a ƙasar nan. Dalilin da ya haɗa ni da wani ƙaramin gidan gona na wani dattijo da matarsa a yankin Linkonsha ke nan. A Agustan 2021 na fara saye a wurinsu ta intanet.

Karon farko na sayi jaka biyu na Crocus sativus, wato mai za'afaran, kai 25 a kowace jaka, sai ire-ire biyar masu yin fure a ƙarshen hunturu. Kayan sun iso cikin kwana huɗu, a jakunkunan takarda masu huji, ba a leda ba, don kada su yi gumi su ruɓe. Kan kurokus a ido kamar ƙaramar albasa yake, amma in ka yanka shi ba falle-falle ba ne, tsoka ce ɗaya dunƙulalliya irin ta gwaza. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina matsawa, ban samu mai laushi ko mai fumfuna ba. Jaka ɗaya ta za'afaran an rubuta mata 10/+, ma'ana kewayen kowane kai ya kai santimita 10 ko fiye, kuma na auna da zare na tarar haka ne. Wannan lambar ita ce kuɗinka, domin ƙananan kawuna ganye kawai suke yi a shekarar farko.

Jaka ta biyu ce ta zo da magana. Na lura kawunanta sun fi ƙanƙanta, ɓawonsu kuma sumul, alhali na ɗaya jakar suna lulluɓe da gashi-gashi kamar ɓawon kwakwa, da ɗan tukku a sama. A lokacin ban san cewa da wannan rigar ake rarrabe ire-iren kurokus ba, sai na shuka kowace jaka a nata kaskon.

A ƙarshen Satumba kasko na biyu ya yi fure. Fure kawai, tsirara, babu ganye ko ɗaya. Launinsa shuɗi-shuɗi mai jijiyoyi masu duhu, a tsakiyarsa kuma wani abu ruwan lemo mai rassa barkatai kamar bakin tsintsiya. Kyau kam akwai shi, amma jan zare uku da nake jira babu su. Na ɗauki hoto na aika musu. Washegari da safe dattijon ya kira ni da kansa. Kafin komai ya ce in je gaban furen in ƙirga sandunan da ke ɗauke da garin nan mai ruwan ɗorawa. Na ce uku. Ya ce to hankalinsa ya kwanta, domin da shida ne, da Colchicum ne, wanda Turawa kan kira kurokus ɗin kaka ko za'afaran na makiyaya, kuma dafi ne tun daga saiwa har fure. Ya ce abin da ke hannuna Crocus speciosus ne, ɗan asalin Turkiyya da Iran da yankin Kaukasus, kuskuren kuma daga ɗakin ƙunshinsu ne, kada in sa komai daga jikinsa a abinci. Ya mayar min da kuɗin jakar a ranar, Agusta na zagayowa kuma ya aiko da kai 25 na ainihi ba tare da na tuna masa ba.

Wannan kiran ne ya riƙe ni a wurinsu. Mai sayen kawunan fure suna yake saye, tunda ba zai ga gaskiyar abin da aka ba shi ba sai bayan wata biyu ko shida, lokacin da yawancin masu sayarwa sun manta da shi. Kuskure a kan abin da za a ci ba ƙarami ba ne, kuma na faɗa masa haka. Amma mutumin ya fara da lafiyar iyalina kafin ya zo kan kuɗi.

Kasko na farko ya jira sai ƙarshen Oktoba. Ganye ne ya fara leƙowa, siriri kamar na albasa, da farin layi a tsakiya, wanda shi ne tambarin kusan kowane kurokus. Wata safiya na fito na tarar da fure uku sun buɗe, shunayya mai haske, jan zare uku-uku sun zubo waje kamar harsuna. Na durƙusa na tsinke su da farce, yatsuna suka rine. Gaba ɗaya kaskon ya ba ni fure 17, zare 51. Da suka bushe ba su rufe ƙasan cokalin shayi ba, don sai an tsinki fure wajen 150 kafin a samu giram ɗaya. Na kira Hajiya ta bidiyo na nuna mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe abin Malam daga fure yake." Rabi muka sa a shinkafa, rabi na ajiye na kai mata.

Inda na ga gazawar gidan gonar shi ne takardar bayanin da suke sakawa a cikin kwali. Ta ce a binne za'afaran zurfin santimita 15 a ƙasa mai tsane ruwa, inda rana ke bugawa, kuma daidai ne. Amma ba ta faɗi cewa shekara ta biyu kan zo da takaici ba. A 2022 kaskon nan fure huɗu kacal ya yi. Sativus ba ya yin iri ko kaɗan, ta kai kawai yake haihuwa, kuma uwar kan rabu ta zama ƙananan 'ya'ya da ba su isa fure ba. Ga shi yana son ya kwana a ƙasa mai zafi, busasshiya, daga Yuni zuwa Agusta, irin ta Khurasan a Iran inda mafi yawan za'afaran ɗin duniya ke fitowa, ko tuddan Taliwin a Maroko. Ingila kuwa ruwa ba ya ɗaukewa. Sai da na tambaya aka gaya min in riƙa ba shi taki yayin da ganyen ke kore, in ya bushe kuma in shigar da kaskon ƙarƙashin rumfa. Layi biyu a takardar sun isa su cece ni daga asarar shekara guda.

Na ƙarshen hunturu ba su ba ni wahalar suna ba, duka biyar sun fito yadda aka rubuta. Cream Beauty, daga jinsin chrysanthus, ya riga kowa a tsakiyar Fabrairu, gajere, launin man shanu, kai ɗaya fure biyu ko uku. Tricolor na jinsin sieberi ba ya ɓoyuwa: bakinsa shunayya, sai farin zobe, maƙogwaronsa ruwan ƙwai. Pickwick mai zane-zane da Jeanne d'Arc fari tas, manyan nan ne da 'yan Holan suka inganta daga vernus, sai Maris suke zuwa, kuma ruwa mai ƙarfi na kwantar da su. Wanda ya fi shiga raina shi ne Ruby Giant na jinsin tommasinianus, ɗan yankin Balkan da aka raɗa wa sunan Muzio de Tommasini, masanin tsirrai na birnin Triyeste. Da rana ta fito sai ya buɗe kamar tauraro, ƙudan zuma su yi ta faɗawa ciki, in hadari ya taso ya tsuke. Irin wannan shunayyar ce ƙungiyoyin Rotary ke shukawa a lambunan Birtaniya don tuna alamar da ake shafa wa ɗan yatsan yaro bayan ɗigon shan-inna, abin da duk wanda ya tashi a Arewa ya sani.

Kurege ne babban abokin gaba. A makon farko ya tone min kusan rabin Cream Beauty, ya bar ɓawo a kan ciyawa, Ruby Giant kuma bai kula shi sosai ba. Yanzu ina shimfiɗa wayar kejin kaji a kan wurin har su tsiro. Bayan fure kuma ba na barin injin yankan ciyawa ya bi ta kansu sai ganyen ya yi rawaya, kamar mako shida, don da shi sabon kai ke cika.

A Yunin 2025 na tone Ruby Giant don in rage musu cunkoso. Goma na binne a wurin, na ƙirga 43. Na same su ƙasa da inda na sa su, domin suna da wata saiwa mai kauri da ke tsukewa tana jan su ciki. Kowane sabon kai yana zaune a bisa tsohon, wanda ya motse ya zama kamar busasshen dabino. Na ɓamɓare tsofaffin, na bar rigar, na shanya su a inuwa, a Satumba na sake dasa manya a zurfin santimita 10 da ɗan yashi a ƙarƙashi, ƙananan kuma a kasko su ƙara shekara.

Farashin gidan gonar ya kusa ninka na manyan kantuna, kuɗin aike ma da nauyi in kayan kaɗan ne, kuma a Satumba saƙo kan yi kwana uku ba amsa. Wanda ke son launi kawai a bakin ƙofa, jakar kanti mai gauraye ta wadatar da shi. Mai son ya san abin da ya shuka da sunansa, nan ya kamata ya zo. Ya yi odar za'afaran tun Yuli kafin manyan kawuna su ƙare, kuma in kwalin ya iso ya buɗe jakar ya dubi rigar: ta sativus gashi-gashi ce mai tukku, ta speciosus sumul ce da zobba a gindi.