Wasiƙa daga Melbon: ana neman malaman maganar hannu

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya. Tunda kai malami ne, bari in ba ka labarin wani darasi da ake yi a makarantun Ostireliya, wanda na so a ce muna da irinsa.

Maganar hannun kuramen ƙasar nan sunanta Auslan. A ƙidayar 2021, mutum 16,242 suka ce da ita suke magana a gida. Tun ƙarshen 2016 aka sa ta a manhajar ƙasa, aka yi mata hanya biyu: ɗaya ta kuramen yara da suka tashi da ita, ɗaya ta yara masu ji, su koye ta yadda namu ke koyon Faransanci. Firamaren unguwarmu ita suka zaɓa, kuma na leƙa ajin. An jera kujeru rabin da'ira don kowa ya ga hannun kowa. Malamar kurma ce, in tana son hankalinsu sai ta kashe fitila ta kunna. Wani yaro ya yi tambaya da hannu fuskarsa a sake, ta sa shi ya maimaita har sai da ya ɗaga gira, domin a wannan harshe fuska ma nahawu ce.

Inda gizo ke saƙar shi ne malamai. Kurman da ya iya harshen kamar ruwa sau da yawa ba shi da takardar koyarwa, ga shi a nan jihar Biktoriya cikakkiyar rajistar malami sai da karatun jami'a na shekara huɗu. Mai takardar kuma galibi mai ji ne da ya yi ɗan gajeren kwas. Wasu makarantun ma bidiyo kawai suke kunna wa yara. Kurame suna ƙorafi a kan haka, kuma ni ina bayansu. Ai ba za ka yarda wanda ya yi wata uku yana koyon Hausa ya tsaya gaban aji ba. Shi ya sa ake ta ƙoƙarin horar da kuramen kansu: yadda ake tsara darasi, yadda ake auna yaro ba da murya ba, da bambancin karin arewa na su Sidni da na kudu na nan Melbon, inda alamun wasu launuka da lambobi suka sha bamban.

Mu fa ba harshen muka rasa ba. Maganar hannu tana nan a Kano, a kasuwa da majalisar kurame, har masu ji suna ɗan taɓawa. Amma a aji alamun Amurka ake bi, tun zuwan Andrew Foster, wani kurma Ba'amurke mai kafa makarantun kurame, Ibadan a 1960, kuma ban taɓa ganin makarantar masu ji da ke koyar da tamu ba. Abin yana damuna ƙwarai in na tuna maƙwabcinmu kurma, yadda yake zuwa asibiti da ƙaninsa ya yi masa tafinta, har a ciwon da mutum ba ya son kowa ya ji. A nan Melbon kuwa asibiti ne ke kiran tafinta.

Don Allah in ka samu hali ka leƙa makarantar kurame ta Tudun Maliki, ka tambayar mini nawa ne kurame a cikin malamansu, da inda suka yi horo. A gaida Inna da yara.