Jan layin Microsoft Word da bayanau na Turanci: me yake kamawa, me yake bari

Kusan duk shagon buga takardu daga Agege zuwa Obalende a Legas da Microsoft Word ake aiki, kuma yawancin masu bugawa sun sallama wa jan layin nan da ke fitowa ƙarƙashin kalma mai kuskuren rubutu: in babu ja, sai firinta. A kan bayanau na Turanci, kalmomin nan da galibi ke ƙarewa da -ly, manhajar tana biyan buƙata, amma sai an saita ta, kuma akwai inda idonta ba ya kaiwa.

Ta fi ƙwarewa a wasiƙar neman aiki da takardar haya. Sincerly, faithfuly, immediatly, truely, nan take take cafke su. Ƙa'idar ita ce a liƙa -ly a jikin sifa ba tare da an rage mata harafi ba, shi ya sa sincere ke riƙe e ɗinta, faithful kuma ta tashi da l biyu. Sai dai true, due da whole suna yar da e, su koma truly, duly, wholly. Mai rubuta truely ba shi ya ƙago ta ba. Haka ake samunta a rubuce-rubucen Ingila na ƙarni na 16 da na 17, lokacin da kalma ɗaya kan fito da kama biyu ko uku. William Caxton ya kafa maɗaba'ar farko a Ingila a 1476, amma rubutu bai zauna daram ba sai wajen zamanin ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755. Ita kanta -ly guntuwar -lice ce ta tsohon Turanci. Tarihi ne mai daɗi, amma ba ya hana manaja jefa wasiƙa a kwando.

Wani ramin kuma sifa mai ƙarewa da -ic. Basic na ba da basically, automatic na ba da automatically, sai public ta fita zakka, ta ce ita publicly. Publically tana cikin wasu ƙamusoshin Amurka a matsayin wani salon rubutu, amma a takardar ofis a Legas gara a kauce mata.

To ga inda ake shan kunya. Word ba ya duba kalmar da aka rubuta da manyan haruffa, haka yake zuwa daga kamfani. Mu kuwa taken wasiƙa da sanarwa da manyan haruffa muke buga su duka, sai ka ga URGENTELY NEEDED a fosta babu wanda ya ce uffan. A shiga File, Options, Proofing, a cire alamar da ke kan Ignore words in UPPERCASE. A nan dai kuma a buɗe Custom Dictionaries. A kwamfutar shago, wadda hannu goma ke taɓawa, yaro kan gaji da jan layi ya danna Add to Dictionary, daga ranar atimes da infact sun zama halal ga kowa. A goge su; at times da in fact kalma bibbiyu ne.

Harshe ma a duba. Makarantunmu da jarrabawar WAEC sun fi bin Turancin Ingila, kwamfutoci da yawa kuwa da na Amurka suke zuwa. Ingila na rubuta skilfully da wilfully, Amurka, da ta bi tafarkin mai ƙamus Noah Webster, na ƙara l. A danna Ctrl da A, a shiga Review, Language, a zaɓi na Birtaniya, sannan a danna F7 don ya duba rubutun.

Abin da ba saitin da zai gyara shi ne ma'ana. In aka karkace definitely, cikin shawarwarin da ke fitowa ana iya samun defiantly, wato cikin taurin kai, kuma da zarar an zaɓe ta ja ya ɓace. Haka severally. A Najeriya tana nufin sau da yawa, har babban ƙamus na Oxford ya shigar da wannan ma'anar a 2020, amma a takardar yarjejeniya lauya na karanta ta da ma'anar kowa da nasa alhakin daban. Takardar haya ko ta bashi in tana ɗauke da ita, a sa wanda ya san doka ya karanta kafin a sa hannu.