PS4 Slim ko PS5 don gidan gem a ƙauye, da zancen wai kamfani ke ɓoye kaya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya wacce za ka saya wa gidan gem ɗin da za ka buɗe, PS4 Slim ko PS5, na'urorin gem na PlayStation da kamfanin Sony ke yi. Dillalin da ya ce maka ka yi maza ka biya kuɗin PS5 saboda Sony na ɓoye ta da gangan, wai nan da wata guda ba za a gan ta ba, kasuwarsa kawai yake ci. An yi ƙarancin, gaskiya ne, amma ya wuce tuni. Kuma shagon da za ka buɗe a wajen Ringim PS4 Slim yake buƙata.

PS5 ta fito a Nuwamba 2020, mai cin faifai dala 499, marar faifai dala 399, lokacin korona ta zaunar da duniya a gida kowa na neman abin ɗebe kewa. Ƙwaƙwalwar da ke cikinta AMD ne ya tsara, kamfanin TSMC na Taiwan ke ƙerawa, kuma layi ɗaya Sony ke bi da Xbox da masu kwamfuta. Ƙarancin ƙwaƙwalwar ya kai har masana'antun motoci suna tsayar da aiki. Sony da bakinsa ya rage hasashen cinikin shekarar kasuwancinsa ta 2021 daga miliyan 14.8 zuwa miliyan 11.5. Ba a zuwa gaban masu hannun jari da irin wannan labari don talla.

Ka duba yadda mai ɓoye hatsi yake yi: ya sayi gero da kaka, ya kulle a sito, idan damina ta kankama farashi ya tashi ya fitar, ƙarin ya shiga aljihunsa. To a nan ƙarin bai shiga aljihun Sony ba. Kamfanin a farashin da ya yanka yake sayarwa, har ma da asara a farko. Sai a Agusta 2021 ya sanar cewa mai faifan ta daina faɗuwa. Ribarsa tana cikin gem ɗin da za a saya daga baya, da kashi 30 cikin 100 da yake cira a shagonsa na intanet, da kuɗin rajistar wata-wata. Duk na'urar da ba ta shiga ɗakin wani ba, kuɗi ne ya tsere masa. Waɗanda suka kulle siton su ne 'yan kayi-nayi da suka saka manhajar da ke wawashe kaya cikin daƙiƙu da zarar shago ya zuba, su sayar ninki biyu. A Janairu 2023 shugaban PlayStation na lokacin, Jim Ryan, ya ce matsalar ta kau, an sayar da sama da miliyan 30.

Inda zargin ke da ƙamshin gaskiya shi ne kayan marmari. Kamfanin Nintendo ya fitar da ƙaramar na'urar gem mai suna NES Classic a 2016, ya dakatar da ita a Afrilu 2017 mutane na tsaka da nema. Sony ma a 2024 ya yi PS5 Pro ta cikar PlayStation shekara 30, guda 12,300 kacal, kowace da lambarta. Wannan na Sony ƙaranci ne na ganganci, kuma ba su ɓoye ba. Bai shafi wadda ake tallata maka ba.

PS4 Slim, wadda ta fito a 2016, mai juriyar aiki ce. Tana wasa ba ta cika kaiwa wat 100 ba. Haɗa da talabijin mai inci 32, ka ce wat 150. Batir mai 200Ah a kan bolt 12 yana ɗauke da wajen wat-awa 2,400, rabi ya kamata ka ja in kana son ya yi ƙarko, to bayan abin da inbata ke ci za ka samu kamar awa 6 zuwa 7. Daga la'asar har bayan isha'i ke nan, daidai lokacin da samari suka dawo daga gona suka yi wanka suka cika benci, mutum biyu na bugawa, goma na jiran wanda za a cire. Ƙwallo suke so, kuma PES 2021 da FC 24 da FC 25 duk suna kanta. In ta fara ƙara kamar injin niƙa da hunturu, ƙura ce ta toshe ƙarfen da ke sanyaya ta: a buɗe, a goge fanka da burushi, a canza man da ke kan ƙwaƙwalwar, ta dawo shiru. Ma'ajiyarta irin ta laftof ce mai inci 2.5, sukuru ɗaya ke riƙe da ita, in ta mutu mai gyara a Kano zai canza maka a zaune. Kuɗin PS5 ɗaya zai kawo maka ta hannu guda biyu, kuma benci biyu ya fi benci ɗaya kawo ciniki.

PS5 ta fi sauri, ta fi hoto, ba musu. Amma tana jan wajen wat 200 ita kaɗai, batir ɗin nan da ƙyar ya yi awa 4, hoton kuma sai da talabijin mai 4K ake ganin cikakken bambancinsa. Ruwan ƙarfe ne ke sanyaya ƙwaƙwalwarta, in mai gyara bai iya ba ya zubo kan allon lantarkin da ke cikinta ya ƙone ta. Fad ɗinta, wato abin da ake riƙewa a hannu a buga wasa, ya fi tsada, kuma fad ɗin PS4 ba ya buga gem ɗin PS5. Marar faifai kuwa kar ka ko taya, komai sai an sauke ta intanet, ka san yadda sabis yake a wajenku.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara wajen sayen ta hannu. Akwai masu cika ta da gem a kan asusun wani, ka kai gida bayan kwana biyu mai asusun ya janye, kowane gem ya kulle, ya fito da hoton kwaɗon ƙofa. Ka nemi faifai, ko a saka a asusun da kai ke riƙe da kalmar sirrinsa. Ka sa a kunna ta a gabanka ta yi rabin awa ana buga ƙwallo, domin mai ciwon zafi ba ta nunawa a minti biyar. Ka ɗan motsa wayar HDMI a bakinta, in hoto ya ɗauke ramin ya saki. Ka saka faifai ka fitar sau biyu. Ka duba ƙasa da baya, in sukurori sun ci ko an ɓare tambari, an taɓa buɗe ta, a faɗa maka abin da aka gyara. Fad na jabu ya yi yawa ƙwarai: ba shi da nauyi, batirinsa ba ya jimawa. Ka shiga wasa ka saki sandar fad ɗin, in ɗan ƙwallo ya ci gaba da tafiya shi kaɗai, a canza maka.

Ka ɗauki PS4 Slim biyu, fad shida don huɗu na aiki biyu na caji, da stabilaiza in janareta za ka yi amfani da shi. Ka ɗora su a kan katako sama da ƙasa, a bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninsu da bango, in an tashi a rufe da ƙyalle bayan sun huce. Allah Ya sa albarka a sana'ar.