Knative a kan Kubernetes: daren da ya ba ni mamaki, da safiyar da ta ɓata min rai

Gaskiya ban ɗauki Knative, tsarin da ke kunna manhaja da kashe ta gwargwadon buƙata, da wani muhimmanci ba lokacin da na ɗora shi a kan rukunin sabobinmu na Kubernetes, wato tsarin da ke rarraba wa sabobin aiki. Na san dai Google ne ya fito da shi a 2018, daga baya ya koma hannun gidauniyar CNCF mai kula da irin waɗannan manhajoji a 2022. Ɗan aiki na ba shi: rage girman hotunan da masu amfani da manhajarmu ke turowa. Na naɗe lambar aikin a kwantena, wato ƙunshin da ke haɗa manhaja da duk abin da take buƙata, na tura, na bar shi.

Wani dare aka aika sanarwa ga duk masu amfani da manhajar a lokaci guda, sai buƙatu suka yi ta shigowa. A lokacin ba fod (mazaunin da kwantena ke aiki a ciki) ko ɗaya da ke kunne, domin Knative kan kashe komai har sifili idan an ɗan jima ba wanda ya ƙwanƙwasa. Gabana ya faɗi, na buɗe kwamfuta ina jiran ruwan kurakurai. Wallahi ko ɗaya ban gani ba! Ashe sashen da ake kira Activator ne ya tare buƙatun farko, ya riƙe su a layi, sai da kwantena ta tashi sannan ya miƙa mata. Kowane fod kuma yana da ɗan mai gadi a gefensa, queue-proxy, yana ƙirga buƙatun da ke ciki. Da cunkoson ya ninka abin da fododin ke iya ɗauka, sai autoscaler, sashen da ke ƙara ko rage yawan fododi, ya daina auna matsakaicin cunkoson na daƙiƙa 60, ya koma na daƙiƙa 6 kacal. Ina zaune ina kallo sababbin fododi na tsirowa ɗaya bayan ɗaya, ban taɓa komai ba. Da hayaniyar ta lafa, suka janye da kansu.

Washegari na yi ta ba abokan aiki labari. To amma fa, da na huce sai na tuna da safiya. Duk wanda ya fara turo hoto bayan dogon shiru, shi ke shan jira. In injin da aka jefa fod ɗin a kai bai taɓa sauke fayil ɗin kwantenar (image) ba, sai an sauke shi tukuna. In kuma babu wuri, sai kamfanin da muke haya a wurinsa ya kunna sabon inji, shi ko ba ya gaggawa. Sau biyu ina rubuta musu, amsar da na samu ba ta warware komai ba. Dole na sa min-scale ya zama 1, wato fod guda ya kwana a kunne, sifilin da ya burge ni ya tafi ke nan.

Abin da ya fi cin raina shi ne takardar kuɗi. Fododi sun mutu, amma injinan da ke ƙarƙashinsu suna nan a kunne, ana caje mu. Ga kula da Kourier, sashen da ke shigo da buƙatu daga waje, da sabunta Kubernetes duk a wuyana.

Wanda ya riga yana da rukunin sabobi da mai kula da su, ya ɗora shi, zai ji daɗi. Ni kuwa ƙananan ayyuka biyu da ba sa samun baƙi sosai na riga na cire su daga kai.