Sharhi: Idan Abokin Tafiya Ya Fasa, Wa Ke Ɗaukar Kuɗin Ɗaki a Jirgin Ruwan Shaƙatawa?

Wannan sharhi a kan tafiyar kwana bakwai ne a Bahar Rum, irin wadda jirgi ke tashi daga Barsalona ya bi ta Marsel da Jenowa da tashar da ke kusa da birnin Rum, sannan ya dawo inda ya taso. Game da jirgin kansa ba ni da ƙorafi. Ɗaki tsaf, ana gyara shi kullum, abinci wadatacce, wanda ba ya son naman da bai san yankansa ba kuma ga kifi da kayan lambu. Inda hidimar ta gaza a wurina shi ne wurin da ba a nuna wa mai saye a talla: abin da ke faruwa da kuɗi idan mutum biyu suka kama ɗaki ɗaya, ɗayan ya fasa.

Tushen matsalar shi ne farashin da ake rubutawa da manyan baƙaƙe. Za ka ga an ce dala 900 kowane mutum, a ƙasa kuma da ƙananan rubutu an ce bisa sharaɗin mutum biyu a ɗaki. Ma'ana kamfanin ɗaki yake sayarwa a kan dala 1,800, ya raba muku biyu don sauƙin talla. Ko mutum ɗaya ne ya kwana a ciki, 1,800 ɗin yake nema. Wannan ƙarin da ake ɗora wa mai kwana shi kaɗai yakan kai ninki guda cif a yawancin manyan kamfanoni.

Mu ɗauki waɗannan alƙaluma a matsayin misali don lissafi ya fito fili. Kuɗin ɗaki dala 900 kowa. Haraji da kuɗin tashoshin da za a tsaya, dala 150 kowa. Tukuicin ma'aikata, wanda manyan kamfanoni ke yankewa tsakanin dala 16 zuwa 20 a kullum, mu sa shi 18, kwana bakwai ya zama 126. Kowa zai biya 1,176 ke nan. Kafin alƙalami kuma, a tafiyar mako guda, dala 250 kowane mutum ne aka fi karɓa.

Idan abokin tafiya ya fasa kafin ranar cika kuɗi, shi kam ya fita lafiya, muddin kafin alƙalamin nasa irin wanda ake mayarwa ne. Wanda ya rage shi ne ke shiga tsaka mai wuya. Sabuwar takardar da za a turo masa za ta nuna 1,800 na ɗaki, da 150, da 126, jimla 2,076. Harajin da tukuicin ba sa ninkuwa domin kai ake ƙirgawa, amma ɗakin duk ya dawo wuyansa. Akwai abin da ya fi wannan ciwo: wasu kamfanoni idan an taɓa adadin mutanen ɗaki sai su sake lissafi da farashin yau, ba na ranar da aka kama ɗakin ba, rangwamen da aka samu wata shida baya ya tafi. Har kafin alƙalamin ma ana iya cewa a cike na mutum biyu, tunda mai kwana shi kaɗai ninki biyu yake ajiyewa.

Kafin alƙalami iri biyu ne, kuma a nan mutane da yawa ke yin kuskure tun ranar farko. Akwai farashi mai rahusa wanda kafin alƙalaminsa ba ya dawowa, akwai mai ɗan tsada wanda ake mayarwa idan an fasa a kan lokaci. Shafin sayarwa yakan fara nuna mai rahusar. Wanda ya zaɓe shi, abokinsa kuma ya fasa, 250 ɗin nan ko dai ta tafi gaba ɗaya, ko a cire wani abu a mayar da sauran a matsayin ajiyar da za a yi wata tafiyar da ita nan gaba. Ajiyar nan da sunan wanda ya fasa ake rubuta ta, tana da wa'adi, kuma ba a canza ta zuwa tsabar kuɗi. Idan kai ka biya masa daga aljihunka, kuɗinka ne suka koma sunan wani.

Bayan ranar cika kuɗi labari ya juya, tara ta fara hawa mataki-mataki. A sharuɗɗan kamfanin jiragen ruwa na Royal Caribbean na kasuwar Amurka, tafiyar mako guda ana cika kuɗinta saura kwana 90. Daga kwana 89 zuwa 75 tara kashi 25 cikin 100 ce, daga 74 zuwa 61 rabi, daga 60 zuwa 31 kashi 75, saura kwana 30 ko ƙasa da haka kuma ba a mayar da komai na kuɗin ɗaki. A kamfanin Norwegian kuwa ana cika kuɗi tun saura kwana 120. Kamfani ɗaya ma yakan bambanta jadawalinsa gwargwadon ƙasar da aka sayi tikiti, don haka jadawalin da ke jikin takardar shaidar kama ɗakinka shi ne wanda zai yi aiki a kanka. A misalinmu, wanda ya fasa saura kwana 65 zai yi asarar 450, wanda ya fasa saura kwana 40 zai yi asarar 675, saura kwana 20 kuma 900 ɗin duka. Amma 276 na haraji da tukuici ana mayar da su a kowane mataki, tunda gwamnati ba ta karɓar harajin wanda bai shiga jirgi ba. A duba rasit da kyau, domin wani lokaci sai an nema ake sakin su.

A wannan tsakanin ne na fi ganin rashin gaskiyar bayani. Abokin tafiya ya fasa a matakin rabi, kamfani ya riƙe 450 nasa. Me za a ce wa wanda ya rage? Adalci shi ne ya cike giɓin 450 kawai, ɗakin ya koma 1,800 yadda yake. Wasu haka suke yi. Wasu kuma suna ɗaukar 450 ɗin a matsayin tara zalla, sannan su nemi cikakken ƙarin 900 daga wanda ya rage, ɗaki ɗaya ya tashi 2,250. Wannan bai dace ba, kuma ba kasafai ake samun amsarsa a shafin tambayoyi ba. Saboda haka kada a furta kalmar fasawa a waya kafin a samu amsa a rubuce. A tura imel da lambar ɗaki, a ce: idan fasinja na biyu ya fita yau, nawa za a mayar masa, nawa za a ƙara wa na farko, kuma da farashin wace rana za a yi lissafi? Da zarar ma'aikaci ya cire suna daga kwamfuta, dawo da shi a tsohon farashi abu ne mai wuya.

Hanya mafi araha, idan ta samu, ita ce canjin suna. Yawancin kamfanoni suna yarda a cire mutum ɗaya a sa wani, da sharaɗin ɗaya daga cikin sunayen asali ya zauna. Idan an canza duka biyun ana ɗaukar sa a matsayin fasawa da sabon ciniki. Wasu na karɓar ɗan kuɗin canji, wasu farashin rangwame kuma ba a yarda da canjin suna a cikinsu sam. Wanda ya sayi tafiyar a ƙarƙashin dokar Tarayyar Turai ta 2015 kan tafiye-tafiyen da aka haɗa hidimominsu wuri guda yana da haƙƙin miƙa gurbinsa ga wani idan ya sanar aƙalla kwana bakwai kafin tashi, shi da wanda ya karɓa kuma su ne da alhakin ragowar kuɗi da na canjin. Kamfani ba ya shiga tsakaninku: sabon mutumin shi zai biya tsohon hannu da hannu. Tikitin jirgin sama zuwa Barsalona kuwa nasa sharaɗin daban, galibi ba a canza sunansa.

Idan an shiga kwana 30 na ƙarshe kuma ba a samu madadi ba, akwai abin da ejan-ejan na tafiye-tafiye suka saba ba da shawara: a bar sunan yadda yake, ranar shiga jirgi a gaya wa ma'aikatan tebur cewa ɗayan ba zai zo ba. Kuɗin ɗaki an riga an biya cikakke, babu dalilin sake lissafi, harajin wanda bai zo ba kuma a mayar daga baya. Wannan yana aiki, amma da sharaɗi biyu. Na farko, idan wanda ya fasa yana da inshora kuma zai nemi diyya, kamfanin inshora zai buƙaci takardar fasawa da ta nuna tarar da aka ci shi, kuma yana so a sanar da wuri. Na biyu, shekaru. Kamfanin Carnival ba ya barin wanda bai kai 21 ba ya yi tafiya sai da babba mai 25 ko fiye. Idan babban ne ya fasa, ƙaramin ma ba zai shiga ba, asara ta zama biyu.

Ɗakin mutum uku ko huɗu yana da nasa tarkon. Na uku da na huɗu rahusa suke biya, wani lokacin yara ma haraji kawai ake biya musu. Idan na ukun ne ya fasa, babu abin da ya shafi sauran. Amma idan uba ko uwa ne, wato na ɗaya ko na biyu a takarda, yaron da ke gurbi na uku sai a matso da shi gurbi na biyu, a caje shi cikakken kuɗin babba. Kuma ɗakin da aka tanada don mutum huɗu, idan ya koma na biyu, kamfani na iya mayar da ku wani ɗakin. Masu tafiya a ƙungiya su ma su lura: gurbin kyauta da ake bayarwa galibi a kan ɗaki takwas ne, mutum 16. Mutum ɗaya ya fita, kyautar ta faɗi, kuɗin da aka riga aka raba wa kowa ya tashi.

Ga mai fasfon Najeriya ko Nijar, babban abin da ke kawo fasawa biza ce, kuma kamfanonin jirgi sun rubuta ƙarara cewa takardun tafiya alhakin fasinja ne. An hana ka biza, tara tana nan yadda take. Bizar Shengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai, ana iya neman ta tun saura wata shida, kuɗinta Yuro 90 ne ga babba tun 2024, amsa kuma tana fitowa cikin kwana 15, amma tana iya kaiwa 45. Idan ranar cika kuɗi saura kwana 90 ce, to a ƙara 45 a kai: takardu su shiga ofishin jakadanci kafin saura kwana 135, ban da jiran layin ganawa. Shaidar kama ɗaki da ake haɗawa da takardun tana fitowa da kafin alƙalami kawai. Shi ya sa nake ganin ga mutanenmu farashin da ake mayar da kafin alƙalaminsa ya fi, ko da ya ɗara da 'yan daloli. Idan jirgin zai tsaya a Tunis ko Turkiyya ya dawo Turai, a nemi biza mai shiga da yawa, kowa kuma ya duba ko waɗannan ƙasashen na neman tasu.

Juna biyu ma dalili ne da ba a cika tunawa da shi ba. Manyan kamfanoni ba sa ɗaukar mace da cikinta ya shiga mako na 24. Tafiyar da aka kama saura wata takwas tana iya cin karo da wannan, kuma gara a gane kafin ranar cika kuɗi.

Inshora tana rufe wani ɓangare. A nemi sashen da ke cewa idan abokin ɗaki ya fasa saboda dalilin da aka amince da shi, kamar rashin lafiya ko rasuwar ɗan uwa na kusa, za a biya wa wanda ya rage ƙarin kuɗin da ake ɗora wa mai kwana shi kaɗai. Kowa ya yanki tasa. Sauya ra'ayi da hana biza yawanci ba sa ciki, sai in an sayi nau'in da ke yarda a fasa bisa kowane dalili. Shi wannan ana sayen sa ne cikin mako biyu zuwa uku da biyan kafin alƙalami, yana mayar da rabi zuwa kashi 75, kuma sai an fasa aƙalla kwana biyu kafin tashi. Wanda kamfanin jirgin ke sayarwa da kansa sau da yawa ajiyar tafiyar gaba yake bayarwa a wannan sashen maimakon kuɗi.

Duk abin da za a mayar, katin da ya biya yake komawa, ko da sunan wani ne a tikiti. Don haka kowa ya biya rabonsa da katinsa, shafukan biya suna ba da damar hakan. Wanda ya biya da katin naira kuma ya sani cewa dala ce za ta dawo, banki ya canza ta da farashin ranar da ta iso, bayan makonni. Kafin a biya ko sisi, a rubuta wa juna saƙo gajere ko a WhatsApp ne: ranar cika kuɗi kaza ce, wanda ya fasa kafin ranar zai nemo madadi ko ya biya rabin ƙarin, wanda ya fasa bayanta ba zai kira kamfani ba sai an zauna tare an ga amsar imel. Tsakanin 'yan uwa da aminai wannan magana tana da nauyi a baki, na sani, amma a fara ta ranar da ake zaɓen ɗaki, lokacin da kowa ke da niyyar zuwa.