Gargaɗi kan man "ganye zalla" da ake tallata wa amare a Katsina

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, musamman iyayen amare. Akwai wata mai haɗa man shafawa da ke talla a WhatsApp, mai Keke Napep ke kawo kayan har gida, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa. Robar ba suna, ba lambar NAFDAC. Wai kurkur ne da zuma da man kaɗanya da ganyen bedi, kuma cikin sati ɗaya amarya za ta yi fari tas. Wallahi ƙarya take yi.

Ɗiyar yayata ta shafa kafin bikinta. Hasken ya zo, ba musu. Amma yanzu korayen jijiyoyi sun fito mata a damtse, nankarwa ta tsattsaga mata cinya alhali ko ciki ba ta taɓa yi ba, gaɓoɓin yatsunta kuwa baƙi ƙirin. Likitan fata na dubawa ya ce aikin sitiroyid ne, wato magani mai ƙarfi na kumburi da ƙaiƙayin fata.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne akwai ƙamshin gaskiya a tallar. Launin fatarmu daga sinadarin melanin yake, wani sinadarin mai suna tairosines ke taimakawa wajen samar da shi, kuma lallai kurkur da bitamin C suna rage wa tairosines ɗin ƙarfi. Sai dai kaɗan ne, a hankali. Fata kanta sai ta yi kamar sati huɗu kafin ta sabunta. Iyakar aikin tsiro ya dusashe tabo, ba ya mai da baƙa fara. Duk man da ya yi haka cikin kwanaki, an zuba masa man tub na kemis irin su kulobetasol (wani nau'in sitiroyid), ko haidurokwinon mai hasken fata, ko makuri mai lalata ƙoda, an ɗan barbaɗa kurkur don launi. Irin wannan ɓarna ce ta sa a 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya.

Da muka kira matar, cewa ta yi "dattin jiki ne ke fita", a sayi roba ta biyu. Daga nan ta toshe lambarmu.

Wadda ta daɗe tana shafawa, kada ta yanke lokaci guda, fatar na iya yin bore da ƙuraje da raɗaɗi. Ta ɗauki robar ta je wurin likitan fata a Asibitin Koyarwa na Tarayya, shi zai tsara mata yadda za ta janye. Mai ciki da mai shayarwa su gaggauta. Sauran man kuma a kai ofishin NAFDAC, kada a ba 'yar aiki ko ƙanwa.