Sharhi kan falmaran mai sanyaya jiki ga mai cutar MS da ke gudun fanfalaki

Tun da likita ya tabbatar mini ina ɗauke da cutar multiple sclerosis, wadda ake taƙaitawa da MS, zafi ne babban abin da ya shiga tsakanina da gudu. A wannan cuta garkuwar jiki ce take afka wa mayelin, wato rufin da ke lulluɓe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka kamar yadda roba ke lulluɓe wayar lantarki, kuma jijiyar da rufinta ya lalace tana kasa isar da saƙo da zarar jiki ya ɗan ƙara ɗumi. Wani likitan ido Bajamushe, Wilhelm Uhthoff, ya bayyana wannan hali tun 1890. Ni dai yadda yake zo mini shi ne, bayan na yi kamar awa ɗaya ina gudu sai idona na hagu ya fara ganin hazo, ƙafata ta dama kuma ta fara jan ƙasa. Likitana ya ce wannan ba sabon tashin ciwo ba ne, yana wucewa idan jiki ya huce, kuma da izininsa na sayi falmaran mai sanyaya jiki domin shirin gasar Legas mai kilomita 42.195.

Iri biyu na gwada. Ta farko ana jiƙa ta ne da ruwa a matse, sanyinta kuma daga bushewar ruwan yake fitowa. A Kano lokacin hunturu ta yi mini aiki ƙwarai, ga ta ba nauyi, ga araha. Da na isa Legas kuwa sai ta zama jiƙaƙƙen tsumma kawai, domin iskar da ta riga ta cika da laima ba ta shan ruwan, don haka babu sanyin da ake samu.

Ta biyu ita ce dalilin wannan rubutu. Tana da aljifai gaba da baya, ana zura musu wasu ƙunsoshi masu ɗauke da wani sinadari da ke daskarewa tun kafin sanyi ya kai na ƙanƙara, yana kuma narkewa a hankali yana zuƙe zafin jiki. Abin da ya fi burge ni shi ne ba sai da firiji ba: idan na tsoma ƙunsoshin cikin kula mai ruwa da ƙanƙara, kafin rabin awa sun daskare, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne a masaukin da wuta take ɗaukewa ba sallama. Sanyin nata kuma mai laushi ne, ba ya ƙona fata irin na ƙanƙara tsura, kuma wannan yana da muhimmanci ga wanda wani sashen fatarsa ya riga ya dushe da ji, tunda zai iya jin rauni bai sani ba.

Kuskurena na farko shi ne zaton da ita zan yi gudun gaba ɗaya. Nauyinta ya doshi kilo biyu, tana bugun ƙirji a kowane taku, ɗamarar gefenta ta goge mini haƙarƙari har ya yi ja, sannan bayan kamar awa ɗaya da rabi ƙunsoshin sun narke, ta koma kaya mai riƙe zufa. Mai sayarwa ya yi alkawarin lokaci fiye da haka, wataƙila ga wanda yake zaune a inuwa.

Ranar gasa sai na sauya dabara. Na saka ta tun daga masauki har zuwa filin wasa na Surulere, na cire ta dab da tashi, na ci gaba da zuba ruwa a ka da wuya a duk wurin ba da ruwa. Na haye gadar Third Mainland idona garau, hazon bai zo ba sai bayan kilomita talatin, inda na koma haɗa gudu da tafiya. Ƙanena yana jirana a Eko Atlantic, inda gasar ta ƙare, da kula, kuma minti ashirin bayan na sake saka falmaran ɗin ƙafata ta daina ja, alhali a da sai na kwanta har la'asar.

Tana da tsada, domin da kuɗin waje ake sayen ta, kuma dole a ƙara da ƙunsoshi na biyu. Ga mai MS da zafi ke kayar da shi, na ga ta cancanci kuɗinta a matsayin abin sakawa kafin gudu da bayansa. Wanda zai saya ya auna ƙirjinsa da kyau, ya kuma fara gwada ta a gajeren atisaye, da riga mai laushi a ƙarƙashinta.